Rasuwar Hajja Miksa, Ana Gab da Bikin Fatime

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da babu komai a cikinsa sai ƙurar tattasai, ni Zubairu na unguwar Diffa Kura, wanda kuka sani da DJ Zubairu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗaga ƙafa ya taka rawa a gaban teburina, rasuwar abokiyar sana'ata kuma uwar ɗakina, na'urar haɗa sauti da mu masu sana'ar muke kira miksa, wadda duk Diffa ta sani da suna Hajja. Ta cika ranar Lahadi da hantsi, a tsakar gidanmu, hannuna yana kanta. Ta tafi ta bar ni ana gab da bikin ƙanwata Fatime, wanda za a yi Asabar mai zuwa a Barwa, bikin da na rantse a gaban dangi cewa ni zan yi kiɗansa, ba wani ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, mu da kayan sana'armu.

Ina roƙon duk wanda sanarwar nan ta shiga wayarsa ya karanta da ido kawai. Don Allah, don Annabi, kada a karanta ta da ƙarfi a inda mahaifiyarmu Inna za ta ji. Dalilin yana gaba, in kun kai wurin za ku gane.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ta shigo Diffa a cikin kayan wani alhaji da ya dawo daga Jidda, wanda ya saye ta a kasuwar tsofaffin kaya yana tsammanin rediyo ce. Da ya murɗe duk kunnuwanta bai kamo tasha ko ɗaya ba, sai ya tura ta ƙarƙashin gado, daga can na je na fanso ta. Tunda ta taka ƙasa mai tsarki ta dawo, ni kuwa iyakar tafiyata Damagaram, ban ga hujjar da zan hana ta sunan Hajja ba. Baƙa ce, mai nauyi, jikinta duk ƙarfe. Layi huɗu gare ta na shigar da sauti, ko da yake na huɗun bai taɓa cewa uffan ba tun da na san ta, ni ma ban taɓa matsa mata da tambaya ba. Kowa da abin da yake rufewa a ransa.

Mun haɗu da ita a shekarar da muka baro Barwa gudun hijira da abin da hannu zai iya ɗauka, muka sauka Diffa a ƙarƙashin rumfar leda. Waɗanda suka ga lokacin ba sa bukatar a tuna musu. An hana kasuwar tattasai, an hana ta kifi, an hana hawa babur. Yayana Babagana, manomi ɗan manomi, ya wayi gari ba shi da gona, yana zaune yana kallon tafin hannunsa. Amma mutane ba su fasa aure ba, ba su fasa haihuwa ba. Hajja ce ta ɗauki gidanmu a kanta. In tura ta a kura daga wannan unguwa zuwa waccan, mu fara bayan azahar, mu naɗe waya kafin magariba saboda dokar hana fita, in dawo da abin da za a ɗora tukunya. Da guminta aka sayi injin ban ruwa da Babagana yake noman tattasai da shi yanzu a Shetimari, shi ya sa nake da rabona a gonar. Duk wanda ya ci tuwon gidanmu a shekarun nan, to tuwon Hajja ya ci, ya sani ko bai sani ba.

Ta kasance mai haƙuri, mai juriya, marar zaɓen abinci. Ta sha kuran, wato lantarkin gari, ran da ya ga dama ya zo. Ta sha wutar gurup ɗina, wannan tsohon janareta mai tari da ke yin sama da ƙasa kamar mai zazzaɓi. Ta sha ta batirin mota a ƙauyukan da ba su san turken wuta ba. Ba ta taɓa cewa wannan wutar ba irin tata ba ce. Ba ta da ƙabilanci. Barebari sun yi magana ta bakinta, Fulani sun yi, Tubawa da Larabawa sun yi, baƙinmu da suka ƙetaro daga Damasak da Malam Fatori sun yi, kowa ta fitar masa da muryarsa yadda ya sa ta. A Fulatari wani bijimi ya tsinke ya ture teburin da take kai, ta faɗi da fuska a rairayi, waƙar ba ta tsaya ba, 'yan rawa ma ba su san an yi ba. Shekarar da kogin Komadugu ya cika ya shigo mana gida, kafin in ɗauki katifa ita na ɗora a kai, matata Hauwa ba ta manta da wannan ba har yau, kuma tana da gaskiyarta.

Za mu yi kewar muryarta. In an kunna ta, kafin komai sai ta ce "tum", sau ɗaya, a natse, shi ne sallamarta. Layi na biyu yana cewa "ƙurrr" in ba a tokare maɓallinsa da tsinken ashana ba, kuma ba kowane tsinke take yarda da shi ba, sai wanda aka ɗan tauna bakinsa. In gwaggon ango ta ƙwace mikoro, wato makirufo, ta je ta tsaya a gaban baful, wato akwatin da ke fitar da sauti, za ta fara jawabin da ba ya ƙarewa, sai Hajja ta ce "fiiiii", kowa ya toshe kunne, gwaggo ta miƙo mikoro ta koma ta zauna. Allah kaɗai ya san yawan bukukuwan da ta ceta da wannan kukan.

Ba na cewa ba ta da aibi, ɗan Adam ma tara yake bai cika goma ba, balle ƙarfe. Takan ja mutum in ya taɓa ta ba takalmi a ƙasa mai laima. Duk wanda ta taɓa ja, ina roƙa mata gafara a wurinsa.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa yi wa Hajja kallon rahama ba, ita ce Inna. Inna 'yar malamai ce ta wajen uwa da uba, mijinta kuma, Allah ya jiƙansa, manomi ne masunci. A wurinta, ɗan da ta haifa ya tsaya a tsakiyar mata yana kiran sunayen mutane ana liƙa masa kuɗi, wannan roƙo ne, ko da lantarki ake yin sa. Ta ci tuwon, don yunwa ba ta san asali ba, amma ba ta taɓa kama sunan Hajja ba, sai dai "akwatin nan naka". Ba ta yarda ta kwana a ɗakin mutane ba, sai a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan busasshen tattasai da kwandon bandar kifi. In Babagana zai tafi gona ya ce, "Inna, na tafi," sai ta ce, "Allah ya yi albarka." In ni zan fita da kurata na ce, "Inna, na tafi," sai ta ce, "Allah ya shirye ka." Shekara da shekaru ina jin wannan bambancin kullum, ina haɗiye shi, ina tura kurata.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya zo, kuma a nan ne nake so ku rage murya.

Kun san al'adarmu. Babu abin da zai bi amarya gidan miji bai sha turare ba. Zannuwa, labule, tabarmi, matasan kai, har akwatin da aka zuba su, duk sai an kifa kwando a kan kaskon garwashi, a ɗora su, a lulluɓe da bargo, hayaƙi ya ratsa su safe da yamma. Turaren Inna kuwa ba irin na kasuwa ba ne. Da hannunta take dafa itacen da sukari da man turare har ya yi danƙo, tun muna Barwa mata suke zuwa roƙonsa. In ta turara zane, sai ya tsufa ya yage ƙamshin bai fita ba.

Makon jiya na tafi Shetimari taya Babagana ban ruwa, na kwana biyu. Da na dawo na leƙa ɗakin ajiya, babu Hajja. Na ce ɓarawo ya shigo. Sai na ji Inna tana kirana daga ɗakinta. Na shiga na tarar da Hajja a kan gadon Inna, gadon da ko jikokinta ba sa hawa, an naɗe ta da sabon zane.

Inna ta ce, "Ba za ta shiga Barwa da warin banda ba, garin ubanka ne. Na ɗora ta a kwando safe da yamma, na bi duk ramukanta na ɗiga mata humra, har inda yatsana ba ya shiga na sa da gashin kaza." Ta gyara bakin zanen. Sannan ta ce, "Na gaya wa matan Barwa ɗana ne zai yi kiɗan. Allah ya yi wa sana'arka albarka, Zubairu."

Jama'a, ku yi min adalci. Wa zai tuna da waya da lantarki a wannan lokacin? Na ce amin, na fita, na zaga bayan ɗaki na yi kuka kamar yaro. Wallahi ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa humra ruwa ce mai maiƙo, kuma cikin miksa ba wuyan amarya ba ne.

Ranar Lahadi Inna ta tafi maƙwabta wajen dakan lalle, na ce bari in gwada kaya. Na tada gurup, na haɗa waya, na danna. Hajja ba ta ce "tum" ba. Fitilunta suka kama gaba ɗaya, duk ja, abin da ba ta taɓa yi ba. Layi na ɗaya ya ce "ƙurrr". Na biyu ya ce "ƙurrr", alhali tsinkensa yana wurin. Na uku ya amsa. Sai na huɗu, wanda bai taɓa magana ba tun da aka kawo ta daga Jidda, ya buɗe baki ya ce "ƙurrr" shi ma, kalmarsa ta farko kuma ta ƙarshe. Daga nan sai "tas". Wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙasanta ya bi iska. Ban taɓa jin hayaƙi mai daɗin wannan ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko har an kawo amaryar.

Na rungume ta na kai wa Nuraddeen mai gyara a kasuwa, wanda ya san cikinta fiye da yadda na san cikina. Yana kwance murfin, duk layin masu gyara ya ɗauki ƙamshi, har mai faci ya bar tayarsa ya zo kallo. Ƙurar tattasan da ta tara shekara da shekaru ta haɗu da man humra da danƙon sukari, ta zama wani jan kwaɓi da ya toshe ko'ina, wuta ta bi ta ciki ta cinye allon da ke riƙe da ranta. Nuraddeen ya daɗe yana kallo, ya sunsuna, ya ce, "Zubairu, wannan ba gyara take nema ba, miji take nema." Mutane suka yi dariya. Da ya ga fuskata sai ya daina, ya ce allon ya ƙone ƙurmus, babu irinsa a Diffa, babu a Damagaram, masu ƙera ta ma sun daɗe da mantawa da ita.

Da na koma gida na gaya wa Inna tsufa ne ya kashe ta. Ta riƙe haɓa ta ce, "Allah sarki. Gara da na yi mata turaren, ta tafi da ƙamshinta." Na ce haka ne, Inna. Me kuke so in ce? Addu'ar da na yi shekaru ina jira ta zo min a cikin kasko ɗaya da ajalin Hajja. In na gaya mata gaskiya, ba za ta sake ɗaga ido ta kalle ni ba don kunya, kuma za ta ce alama ce daga Allah cewa da ma bai kamata ta sa wa sana'ar albarka ba. Na san uwata.

Marigayiya ta rasu ta bar baful biyu tagwaye, ɗaya yana da ciwon maƙogwaro tun bikin Fulatari. Ta bar ampili mai ƙara wa sauti ƙarfi, wanda tun Lahadi yake zaune ba wanda zai ba shi umarni. Ta bar mikoro biyu, babba da ƙarami, ƙaramin an ɗaure masa wuya da roba. Ta bar gurup mai tari, da tulin wayoyin da ita kaɗai ta san wace ce ke shiga ina, da tsinken ashana guda wanda yanzu ba shi da kowa a duniya. Ta bar ni, da Hauwa, da yaranmu uku. Ta bar Fatime, amarya, wadda da bakinta ta zaɓi waƙar da za ta shigo fili da ita, kuma har yanzu ba ta san babu abin da zai fitar da waƙar ba.

Sai maganar magajiya, wadda ita ce ta hana ni barci.

Nuraddeen ba gyara kawai yake yi ba, yana kuma yi wa mutane odar kaya. Shekara uku ke nan yana bina da hoton wata sabuwar miksa a wayarsa, ina korarsa. Ranar Litinin, gawar Hajja tana kan teburinsa ko rufe ta ba a yi ba, ya sake zaro wayar. Ban ga laifinsa ba, kowa da inda yake cin abinci. Ita sabuwar, in ji shi, ba ta bukatar in riƙa jona waya biyu ina canzawa, sai dai in soka mata ɗan makullin waƙoƙi, wato filash, ta karanta da kanta. Tana haɗa waƙa da waƙa ba a jin tabo. Tana da fitilu kala-kala masu bin kiɗa. Tana da amsa-kuwwa, in na kira sunan mutum sai sunan ya yi ta maimaita kansa har mai shi ya ji kunya ya zaro kuɗi. Irinta ce a hannun Ammar, yaron da ya fara sana'ar nan jiya-jiya, kuma ba zan ɓoye ba, duk bikin manyan ma'aikata da na 'yan ƙungiyoyin agaji yanzu shi ake kira. Suna son fitilun su fito a bidiyo.

To amma ni na ɗaga ta Ammar da hannuna, ba ta fi faranti nauyi ba, duk roba ce. Ba ta shan wutar gurup irin nawa sai an saya mata wani akwati mai tace wuta. Tana da gilashi a fuska wanda ba ya shiri da ƙura, a garin da ko tuwo sai ka tauna rairayi. Duk rubutun jikinta Turancin Ingilishi ne, ni kuwa ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, shi ma ya zube a hanya. Takardar garantinta ta ce in ta lalace a mayar da ita inda aka ƙera ta, wato wata ƙasa da ko a taswira ban san inda take ba. Kuma a duk yawon da na yi daga Maine har bakin tafki, ba wanda ya taɓa tambayata wace irin miksa gare ni. Abu biyu suke tambaya: za a ji har ƙetaren kogi? Ka san sunan kakana? Hajja tana amsa na farko, ni ina amsa na biyu, muna tashi lafiya.

Saboda haka duk mai tambaya ko sabuwar miksa ta ci kuɗinta, ga amsata, kuma amsar mai makoki ce, ba ta ɗan kasuwa ba. In taka tana da rai, ka riƙe ta, ka share mata ƙura, ka nisanta ta da duk mai ƙaunarta da kasko. Da tsohuwar zuma ake magani. Haka na yi ta faɗa a fada, majalisarmu ta shan shayi, shekara uku ina yi wa Ammar dariya, ina cewa ya sayi fitilar Sallah. Amma wannan magana ce ta wanda tasa ke da rai. Wanda tasa ta mutu a makon bikin ƙanwarsa, ba a tambayarsa ko ta ci kuɗinta, sai dai a tambaye shi me ya rage masa na sayarwa.

Na nemi ta hannu. Guda ɗaya na samu labari a Maine, da na kira mai ita ya ce tana aiki sarai, sai dai takan yi shiru in ta yi zafi. A Barwa da azahar, me ba ya zafi? Na cire girman kai na je wurin Ammar neman haya. Ya tarbe ni da shayi, ya yi min ta'aziyya har da sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Yaya Zubairu, miksata ba ta zuwa biki ba tare da ni ba, ba ta saba da hannun kowa ba. Amma zan zo in yi kyauta, ai Fatime ƙanwata ce." Yaron bai faɗi da mugunta ba, shi ya sa ta fi ciwo. Ku duba min wannan hoto: Inna tana zaune a tsakiyar matan Barwa, waɗanda ta gaya wa da bakinta ɗanta ne zai yi kiɗa, karo na farko a rayuwarta da ta yi alfahari da ni a gaban mutane, sai ga ɗan wata a bayan tebur yana kiran sunan mahaifinmu da amsa-kuwwa, ni kuwa ina gefe ina jan waya. Gara ƙasa ta tsage in shige.

Kuɗin sabuwar, da akwatin tace wutarta, da kuɗin mota, daidai yake da rabona na tattasan bana gaba ɗaya. Tattasan kuwa yana gona, bai ma gama ja ba. Na koma Shetimari na sami Babagana a bakin injin. Ya saurare ni har na gama, bai kashe injin ba. Ya ce, "Tattasan nan shi ne geron gidanka har damina. In ka sayar da shi a tsaye, dillali zai yanka ka ba bismilla. Ka haƙura wata biyu a tsinke a shanya, ka sayi miksa ka sayi gero." Na ce Yaya, bikin ba zai haƙura wata biyu ba. Ya ce, "Hauwa ta sani?" Hauwa ta sani. Da na gaya mata ba ta ɗaga kai daga wankin da take yi ba, ta ce, "Ka sayar. Amma ran da gero ya ƙare, kai za ka kunna wa yara waƙa su ƙoshi."

Na sayar. Jiya Talata dillali ya zagaya gonar yana taɓe baki, ya yanka ni yadda Babagana ya faɗa, na miƙa wuya. An tura kuɗi Damagaram, an ce an sa kwalin miksar a kar, wato babbar motar fasinja, tana hanya. Kun san hanyar nan, ba sai na gaya muku ba. Tun safe nake kiran direban, wayarsa a kashe. In ta iso gobe, ina da yini guda in koyi maɓallan da Ammar ya yi wata uku yana koyo, alhali an ce ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ta iso ba, na rasa Hajja, na rasa tattasai, kuma lambar Ammar tana cikin wayata, ina kallonta tana kallona. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan makon ba, har da ranar da muka baro Barwa, don ran nan aƙalla na san inda zan gudu.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. Yau da safe ina shirin fita Inna ta kira ni. Na tarar da ita a gaban murhu tana juya tukunya, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Ta ce, "Na ji ka sayi sabuwa. In ta zo, kada ka kai ta ko'ina, ka kawo min ita ɗakina. Baƙuwa ce, ba za ta shiga Barwa da warin kanti ba. Wannan haɗin ya fi na waccan ƙarfi, na ƙara sukari." Tana murmushi take faɗa. Rabon da in ga Inna tana murmushi saboda wani abu nawa, tun ina koyon tafiya.

Ba zan iya gaya mata ba. Ba zan iya hana ta ba. Ba zan iya miƙa mata geron 'ya'yana ta ɗora a kwando ba. Saboda haka, bayan shawara da Nuraddeen, ga yadda aka tsara jana'iza.

Ba za a yi wa marigayiya salla ba, liman ya riga ya ja min kunne, kuma ya yi gaskiya. Ba za a binne ta ba. Ba za a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe ba, waɗanda suka zo gaisuwa har sau biyu da sikeli a hannu, Allah ya shirye su. An riga an yi mata wanka a shagon Nuraddeen da esansi, wato fetur, ciki da waje, har ƙamshin Inna ya fita warin kanti ya shiga. An cire mata tsinken ashana, yana aljihuna. Da zarar kar ta iso, Nuraddeen zai karɓi kwalin a tasha ya wuce da shi shagonsa, ya fitar da sabuwar ya kulle ta a inda hayaƙi ba ya kai. Sannan a sa Hajja a ledar sabuwar, a kwantar da ita a cikin kwalin, a liƙe. Ya auna, ya ce za ta shiga in an cire mata ƙafafu. Daga nan za a ɗauko ta a kurar da ta saba hawa, a kai ta ɗakin Inna. Idon Inna ya yi rauni, ko humrar ma da lalube ta ɗiga, kuma shekarun nan duka ba ta taɓa tsayawa ta kalli fuskar Hajja ba, don haka ba ma tsoron ta gane ta. Marigayiya za ta yi aikinta na ƙarshe, ta sha hayaƙin da aka haɗa wa magajiyarta, ta sha humra iya shanta. Babu abin da zai ƙara samunta.

Ana karɓar gaisuwa a bakin tasha, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, inda za ku same ni zaune ina kallon hanyar Damagaram. Kada a zo gida da maganar. Kada a kawo goro ko dabino. Wanda yake da labarin kar ɗin da ta taso jiya, ya zo da shi, ya fi min kowace addu'a a yanzu. Wanda yake jin Ingilishi ya zo ranar Juma'a da safe shagon Nuraddeen ya karanta min maɓallai. Wanda ya yi niyyar sadaka ya kai wa Hauwa tiyar gero, kada ya ce ni na aiko shi.

Za a ɗora marigayiya a kwando ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in Allah ya kawo kar. Duk wanda ya shigo gidanmu a lokacin ya tarar da Inna a gaban kasko, ta ɗora hannu a kan bargo tana yi wa sabuwar miksar ɗanta addu'a, ina roƙonsa kada ya yi dariya, kada ya kalli inda nake. Ya ɗaga hannu ya ce amin da ƙarfi. Shekaru na yi ina tura kura kafin in sami addu'ar nan, Hajja kuma ta biya kuɗinta da ranta.

Sanarwa daga Zubairu, a madadin iyalan marigayiya, daga kan bencin tasha. Kar ba ta iso ba tukuna.